Injin Tirifaze A Kan Wutar Gida: Ka Duba Farantinsa Kafin Ka Biya Kuɗin Duwan

A kasuwanninmu na bakin iyaka, tun daga Ƙonni da Illela, zuwa Ɗan Isa da Jibiya, har Magarya da Maigatari, akwai wani irin kaya da farashinsa kan ruɗi mai saye, wato tsofaffin injunan Turai da ake kira Beljiyam. Sau da yawa za ka tarar da injuna biyu a jere, na gyaran katako ne ko na walda ko na buga takardu ko na ƙanƙara, ɗaya ya fi ɗan'uwansa girma da nauyi da alamar ƙarko, amma kuɗinsa bai kai na ƙaramin ba. Dalili kuwa shi ne babban yana cin wuta mai layi uku, wadda mu a nan muke kira tirifaze, ƴan'uwanmu na tsallaken iyaka kuma suke cewa tiri-fes, alhali wutar da ke shiga yawancin gidaje da shagunanmu mai layi ɗaya ce. Mai saye ya biya, ya biya duwan, ya biya mota da ƴan dako, sai an kai kanti a ga wayoyi huɗu ko biyar suna leƙowa daga bayan inji, soket ɗin bango kuwa ramuka biyu gare shi. Daga nan ake fara neman dabara, kuma a nan ne dukiyar mutane da dama ke ƙonewa.

Akwai mutanen da suka sha wahalar wannan matsala, suka kuma yi nazarin ta dalla-dalla, waɗanda ba maniƙa ba ne ko kafintoci. Wasu mutane ne a Amurka da Ingila masu sha'awar tara tsofaffin kwamfutoci na shekarun 1960 zuwa 1980, suna son kunna su a garejin gidajensu. Gidajen Amurka da na Ingila galibi wuta mai layi ɗaya ake ba su kamar namu, saɓanin Jamus inda gidaje da yawa ke da layi uku tun asali. Kwamfutocin wancan zamani kuwa don manyan bankuna da jami'o'i da ma'aikatun gwamnati aka ƙera su. Alal misali, VAX-11/780 da kamfanin DEC ya fitar a 1977 girmanta ya kai na kabad ɗin kaya babba, tana shan kusan kilowat 6, kuma layi uku take nema. Cray-1 ta 1976 kuwa ta fi tan biyar nauyi, tana shan kimanin kilowat 115, wato abin da gidaje fiye da talatin masu ƙaramin kwantar za su iya ja gaba ɗaya. A 2024 an yi gwanjon ɗaya daga cikinsu a kan sama da dalar Amurka miliyan ɗaya (dalar Amurka fa muka ce, ba dalarmu ta sefa biyar ba). Babu wanda zai kawo irin wannan kasuwar Maraɗi, amma darussan da masu tara su suka koya sun shafi duk wanda ke da inji a shago.

Mace ɗaya a turmi, da mata uku

Wutar da Nigelec ke ba mu ba a miƙe take gudana ba kamar ruwan famfo. Zuwa take yi ta koma, sau 50 a kowace daƙiƙa. Wuta mai layi ɗaya tamkar mace ɗaya ce tana daka: ta ɗaga taɓarya, ta sauke, kuma tsakanin bugu da bugu akwai lokacin da turmi yake hutawa. Wuta mai layi uku kuwa luguden mata uku ne a turmi ɗaya, kowace na sauke taɓaryarta bayan ta ƴar'uwarta da tazara daidai wa daida, ta yadda turmin ba ya taɓa zama shiru. Wannan bugu na bi-da-bi shi ke sa moter mai layi uku ya tashi da kansa, ya juya sumul ba kakkarwa, ba ya bukatar wata dabarar tayarwa. Wani injiniya ɗan asalin Rasha mai suna Mikhail Dolivo-Dobrovolsky, wanda ya yi aiki a kamfanin AEG na Jamus, shi ya ƙera irin wannan moter a 1889, kuma a 1891 aka ja wuta mai layi uku tazarar kilomita 175 daga Lauffen zuwa Frankfurt domin nuna wa duniya amfaninta. Tun daga lokacin masana'antu suka rungume ta.

Duk wutar da ke kan manyan turaku mai layi uku ce, har da wadda ke shigo mana daga Nijeriya ta Birnin Kebbi zuwa Yamai, da wadda ke bi ta Katsina da Gazawa zuwa Maraɗi da Damagaram. A taransifoman unguwa ne ake rarraba ta, gida kaza a ba shi layi na ɗaya, gida kaza na biyu, kowa da wayar dawowa da masu gyara ke kira nitiral. Tsakanin layi ɗaya da nitiral akwai bolt 220 zuwa 230. Tsakanin layi da layi kuwa akwai bolt 380 zuwa 400. Ka riƙe waɗannan lambobi biyu, domin duk rikicin a kansu yake.

Darasi na farko da masu tsofaffin kwamfutoci suka gano shi ne, ba kowane inji mai wayoyi biyar ne yake bukatar luguden da gaske ba. Idan aka buɗe wasu daga cikin waɗancan manyan kabad-kabad, sai a ga ƙananan akwatunan wuta ne jere a ciki, kowane na cin layi ɗaya da nitiral, an dai raba su kashi uku ne don kada nauyin ya taru a kan waya guda. Irin wannan injin ana iya mayar da shi kan layi ɗaya. Haka abin yake ga manyan kwamfutocin ofis na hannu da ake kira saba, waɗanda kan zo cikin dogon kabad na ƙarfe: wayar kabad ɗin ce mai layi uku, amma kowace kwamfuta a ciki wutar gida ta bolt 220 take ci, ana iya zare ta a jona ta ita kaɗai. Haka ma wasu tandunan gashin burodi da tukwanen dafa ruwa, inda sandunan zafi uku ne kawai aka raba wa layuka.

To amma a nan akwai tarkon da ya kamata a buga wa ƙararrawa. A lokacin da layuka uku ke aiki daidai, abin da kowane ya tura yana kashe na ɗan'uwansa a cikin nitiral, saboda haka wayar nitiral kusan hutawa take, kuma masu ƙera inji ba sa ba ta kaurin da ya wuce na sauran. Da zarar yaron shago ya murɗe wayoyin nan uku wuri ɗaya ya jona su a layin gida, babu sauran kashe juna, sai dai taruwa. Idan kowane kashi na jan amfiya 10, nitiral ɗin da aka yi don amfiya 10 zai ɗauki 30. Injin zai kama aiki lafiya lau, kowa ya yi murna, wayar kuwa tana dahuwa a cikin robarta har ranar da za ta kama. Wanda ya tuna gobarar babbar kasuwar Yamai ta 1982 ya san abin da wuta ke yi wa rumfunan da ke manne da juna. Masu yin wannan juyi da hankali sukan sauya nitiral da waya mai kauri tun daga cikin inji har kwantar, su sa dijanktar daidai ƙarfin wayar, su kuma binne wayar ƙasa. Idan kuwa kayan cikin injin an jona su ne tsakanin layi da layi, wato masu cin bolt 380, to haɗa wayoyin wuri ɗaya ba zai ba su komai ba, ko ƙyaftawa ba za su yi ba.

Inda moter yake

Kashi na biyu su ne injunan da ke da moter mai layi uku a ciki, kuma yawancin abin da ƴan kasuwarmu ke saye a nan yake. A tsofaffin kwamfutoci ma, akwatunan faifan ajiya masu girman injin wanki da manyan fankokin sanyaya su ne suka fi ba masu su ciwon kai, domin moter ɗinsu ba ya yarda da wayo. Ka ba moter mai layi uku wuta mai layi ɗaya, zai tsaya yana gurnani ba ya juyawa, kuma cikin ƙanƙanin lokaci za ka ji warin kwayil. Masu naɗin kwayil a garuruwanmu ba su rasa aiki saboda wannan.

Dabarar da ta fi arha, wadda kowane mai gyara ya sani, ita ce ta kondansa. Turawa na danganta ta da Charles Steinmetz, injiniyan kamfanin General Electric da ya rasu a 1923. Ana ba ƙafafu biyu na moter wutar gida, ƙafa ta uku kuma a ba ta ta cikin kondansa, wadda ke karkatar da lokacin bugun ya zama kamar akwai mace ta biyu a turmin. Ƙa'idar da ake bi ita ce kimanin maikirofarad 70 ga kowane kilowat ɗaya. Tana aiki, ba mu musa ba, amma mai sayar maka da inji ba zai gaya maka kuɗin da take karɓa ba. Ƙarfin moter yana sauka zuwa kashi biyu cikin uku ko kusa da haka, ƙarfin tashinsa kuwa yana faɗuwa zuwa kwata ko sulusi. Ke nan ta dace da fanka ko dutsen wasa wuƙa ko ƙaramin injin huda, abin da ke tashi ba kaya a kansa, kuma bai wuce kilowat 2 ba. Kwamfireso na ɗakin sanyi da injin niƙa da aka cika wa hatsi da kaya suke tashi, saboda haka kondansa a kansu kashe kuɗi ne sau biyu.

Ko a ƙaramin moter ɗin ma akwai sharaɗi, kuma yana rubuce a ɗan farantin ƙarfen da ke jikinsa. Idan ka ga 230/400 V, to kwayil ɗinsa na bolt 230 ne, ana iya juya shi. A cikin akwatin wayoyinsa akwai kusoshi shida da ƴan ƙarafa uku na tagulla. In ƙarafan na kwance sun haɗe kusoshi uku na jere ɗaya, wannan haɗin tauraro ne na bolt 400, mai alamar Y. A tayar da su tsaye kowane ya haɗa na sama da na ƙasa, ya zama haɗin kusurwa uku na bolt 230. Amma idan farantin ya ce 400/690 V, kamar yadda manyan moter na Turai da yawa suke, to babu yadda za a juya shi ya gamsu da wutar gida sai an sa taransifoma mai ɗagawa.

Dabara ta biyu ita ce a samo wani moter mai layi uku da ya fi na injin girma, ninki ɗaya da rabi ko biyu, a tayar da shi da kondansa ko da igiya, a bar shi yana juyawa ba komai a kansa. Muddin yana juyawa, shi da kansa yake haifar da layi na uku, sai a ja wayoyi uku daga gare shi zuwa inji. Kafintoci da maƙeran Amurka sun daɗe suna amfani da wannan, kuma masu tsofaffin kwamfutoci da yawa ita suke bi. Tana da juriya, ƙura ba ta dame ta ba, kuma mai gyara na gari zai iya haɗa ta da kayan da ke kasuwa. Aibinta shi ne layin da aka haifa ba ya tsayawa daidai da sauran biyun, yakan hau ya sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora, don haka duk wani allo mai ƙwaƙwalwa da ke jikin inji sai a jona shi a kan layukan asali. Bolt ɗin da ya shiga kuma shi ne zai fita: ka ba ta 230, layi uku na 230 za ta ba ka, ba na 400 ba.

Ta uku ita ce ta zamani, ɗan akwatin nan da masu Faransanci ke kira bariyater, wasu kuma su ce inbata ta moter. Ɗan'uwansa ne manoman rani ke sawa tsakanin farantan sola da famfon rijiyar burtsatse. Yana karɓar wutar gida, ya daskarar da ita ta zama miƙaƙƙiya irin ta batir, sannan ya yayyanka ta sau dubbai a daƙiƙa ya fitar da layi uku. A ganinmu, ga moter ɗaya da bai wuce kilowat 2.2 ba, wato doki uku, babu abin da ya kai shi. Moter yana samun cikakken ƙarfinsa, yana tashi a hankali ba tare da fizgar da ke dushe fitilun maƙwabta ba, kuma ana iya rage masa gudu ko a ƙara. Sai dai moter kaɗai aka yi shi dominsa. Wutar da yake fitarwa mai kaifi ce, kwayil ɗin moter ne ke iya haɗiye ta. Masu tsofaffin kwamfutoci suna gargaɗin juna ƙwarai a kan wannan, domin jona shi ga kwamfuta ko taransifoma ko allon sarrafa injin buga takardu yana iya kashe kayan nan take. Ba a kuma sa makunni tsakaninsa da moter. Yawancinsu an tsara su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa mun san abin da Afrilu da Mayu ke yi a cikin shagon kwano, ga ƙurar hunturu da garin niƙa masu toshe fankarsa. Yana son inuwa da iska da shara. Bayan an zare shi daga wuta ma yana riƙe da caji na wasu mintoci wanda zai iya kashe mutum, kada yaro ya yi saurin sa hannu.

Kwantar ba ya ƙarya

Duk waɗannan dabaru suna sauya siffar wuta ne kawai, ba su ƙara yawanta ko da ƙwayar gero. A nan ne lissafi ke raba gardama. Kwantar mai amfiya 15 a kan bolt 220 iyakarsa wat 3,300. Mai amfiya 30 kuma wat 6,600. Doki ɗaya na inji kimanin wat 740 ne. Injin niƙa mai doki 10, wato kilowat 7.5, yana jan kusan amfiya 15 a kowace waya idan yana kan layi uku. Ka matso da wannan nauyi kan layi ɗaya, lissafin tsura ya ba ka amfiya 34, idan aka haɗa da asarar da ba makawa sai ya haura 45. A lokacin tashi kuma moter yakan fizgi ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci yana gudu. Babu kondansa ko bariyater da zai fitar da wannan daga wayar da aka ja don fitila da fanka da firji. Wanda ya ce maka zai iya, to dijanktar yake shirin tsallakewa, kuma wannan laifi ne ga kamfanin wuta, haɗari ne ga unguwa.

Ga inji mai wannan girma hanyoyi uku suka rage. Ko dai a je ofishin Nigelec, ko kamfanin rarraba wuta ga waɗanda ke ɓangaren Nijeriya, a nemi a ja layi uku da kwantarsa, wanda ya dogara da ko wayoyi huɗu sun iso titin. Ko a sayi gurup na gazuwal mai layi uku, wanda ƙarfinsa ya ninka na moter sau biyu zuwa uku saboda fizgar tashi. Ko kuma a cire moter ɗin ɗungurungum a ɗaura bel a kan injin gazuwal, kamar yadda maniƙan ƙauye ke yi tun da daɗewa. Wanda ya ga yadda kuran ya yi ƙaranci daga Agusta 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke layin bayan juyin mulki, har zuwa Maris 2024 da aka mayar, ba zai raina wannan hanya ta ƙarshe ba. Wanda ya samu layi uku kuma kada ya ce ya gama, domin layi ɗaya kan ɗauke ya bar biyu, moter ya ci gaba da juyawa a wahale har ya ƙone. Akwai ƴar na'urar tsaro mai kashe inji idan layi ya ɓace, kuɗinta bai kai na naɗin kwayil sau ɗaya ba. A kuma duba inda moter ke juyawa a ranar farko. In baibai yake yi, musanya wayoyi biyu cikin ukun yana gyara shi, amma wasu kwamfireso da famfuna ba sa jure juyin baibai ko na ɗan lokaci.

Saura maganar ƙasar da kaya ya fito, wadda ƴan kasuwa suka fi kowa sani amma ba kasafai suke haɗa ta da wuta ba. Kayan Turai da na Sin da na Dubai na bugu 50 ne, bolt 380 zuwa 400, sun dace da namu. Kayan Amurka na bugu 60 ne, kuma mai layi ukunsu sau da yawa na bolt 208 ne ko 230 ko 460. Wutar Saudiyya ma bugu 60 ce, masu sayayya a Jidda su lura. Japan kuwa layi ukunta bolt 200 ne, gabashinta wajen Tokyo bugu 50, yammacinta wajen Osaka bugu 60. Injin bolt 208 da aka jona a 380 ba ya kai minti. Moter na bugu 60 a kan wutarmu yana rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, mai juyi 1,750 a minti ya koma wajen 1,450, kuma in ba a rage masa bolt ba yakan yi zafi. Wani abin sa'a shi ne moter na bolt 460 mai bugu 60 yana zama lafiya a kan 380 mai bugu 50, domin ragin biyu sun tafi tare, sai dai ƙarfinsa ya ragu da wannan kashi ɗaya cikin shidan. Wasu manyan kwamfutocin da, irin su CDC 6600 ta 1964, bugu 400 suke ci, shi ya sa ake girke musu moter yana juya janareto a wani ɗaki dabam. Wannan haɗi na moter da janareto har yau shi ne hanya mafi tsabta ta sauya layi da bugu a lokaci ɗaya, ga wanda kayansa suka kai a yi musu wannan hidima.

Ko ta Kwatano kaya ya biyo, ko ta Lome kamar yadda da yawa suka koma yi bayan rufe gadar Gaya a 2023, farantin nan yana jikinsa tun yana tashar jirgin ruwa. Abubuwa biyar ake karantawa a kai: alamar 3~ ko 1~ mai nuna yawan layi, lambobin da ke gaban V, lambar da ke gaban Hz, ta gaban kW, da ta gaban A. Yaron da ke can zai iya ɗaukar hotonsa ya turo ta WhatsApp, a nuna wa mai gyaran da ya san aikin masana'anta, tare da hoton kwantar shago da na wayoyin da ke kan turken ƙofar gida. Idan inji yana da moter fiye da ɗaya, kamar injin buga takardu mai famfon iska da na mai, kowane da nasa farantin, a ɗauko su duka. Wanda aka kankare farantinsa ko aka shafe shi da fenti kuwa, a saye shi a kan kuɗin kilo na ƙarfe da tagulla.